Mazarin Kaka da Akuyar Turke

Ina aji biyu na sakandare wasu kalmomin Turanci guda biyu suka kusa mayar da ni gona. A jarrabawar labarin ƙasa aka tambaye mu abin da ke kawo dare da rana. Na rubuta "revolution", har da ja masa layi. Ashe amsar "rotation" ce. Na faɗi darasin, Baba kuwa ya riga ya ce wanda ya sake faɗuwa fartanya na jiransa. Ni dai a kaina duka biyun juyawa ne, ban ga abin rarrabewa ba.

Da aka yi hutu na koma gida Yankwashi, raina a ɓace. Wata ranar da la'asar na zauna kusa da Kaka tana kaɗi. Ta dangwali alli, ta murza mazari, yana ta juyi a wuri ɗaya, bai gusa ba. Can gefe kuma akuyarmu ce a ɗaure tana zagaya turke, har sawunta ya zana da'ira a ƙasa. Nan take kaina ya waye. Abin da mazari ke yi shi ne "rotate", abin da akuya ke yi shi ne "revolve". Duniya kuwa duka biyun take yi: tana juyin mazari cikin awa 24, sai a sami dare da rana, tana zagaya rana irin na akuya cikin kwana 365 da kusan kwata.

'Yan'uwana ɗalibai, ku lura da nahawun. A wannan ma'ana "revolve" aikatau ne ƙi-karɓau, yana neman "around" a bayansa kamar yadda akuya ke neman turke. "Rotate" kuwa yakan tsaya shi kaɗai, yakan kuma ɗauki karɓau, kamar manomin da ya shuka gero bana, baɗi ya sa gyaɗa. Turawan ma ba su tsira ba: bindigar da suke kira "revolver", ma'ajin harsashinta juyin mazari yake yi.

Zango na gaba na ci darasin. Da na bayyana wa Kaka yadda mazarinta ya cece ni, sai ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, wannan ne karatun da ake sayar da gyaɗa dominsa? Miƙo mini allin can."