Gwangwanin Madara da Tsumman Kawu

Ni ɗan Jabo ne, mutumin tudu. Babban ruwan da na fara gani shi ne tafkin Kainji, wanda aka datse a 1968, ranar da na kai wa kawuna ziyara Yawuri. Na tarar da shi cikin jimami, don a daminar da ta gabata iska ta kife kwale-kwalensa, babban ɗansa da ƙyar ya sha.

A makaranta an koya mana ma'aunin iska mai kofuna, wanda Robinson ya ƙera a 1846. Sai na samo gwangwanin madara uku, na ɗaure su a gindin tayar keke, na kafa a kan gora a goshin jirgin. In iska ta ƙaru, juyinsu ya ƙaru.

Kawu ya yi dariya har da riƙe ciki. Sannan ya yago tsumma ya ɗaura a ƙasansu.

Rana ta uku muna tsakiyar ruwa da la'asar, gwangwanaye suka kama juyi kamar mazari. Tsumman kuwa ya juya, iska ta koma busowa daga gabas, inda hadarin damina ke tasowa.

“Ɗana, ɗauki filafili!”

Muna taɓa gaɓa ruwa ya kece.

Kawu ya dube ni ya ce, “Naka ya faɗi ƙarfinta, nawa ya faɗi inda ta fito. Kada ka cire ko ɗaya.”