Darasin da Aka Turo a Hoto

Duk wanda ya san Sagnarigu ya san gari ne na makarantu. A tudun da ake kira Education Ridge kaɗai akwai sakandaren Tamasco, da Kwalejin Horar da Malamai ta Bagabaga, da Jami'ar Fasaha ta Tamale. A tsakaninsu na girma, na yi shekaru ina riƙe littafin lissafi a shagon siminti, har hawan jinin ido ya ɗauke mini gani bayan na haura arba'in. Makarantun suna nan inda suke, amma babu wadda zan iya shiga.

Ghana tana da makarantun makafi a Akropong da Wa, akwai kuma ta kurame a Savelugu, nan kusa da mu. Sai dai na yara ne. Magidanci mai 'ya'ya huɗu ba zai bar gida ya koma aji ɗaya ba. Ga irinmu da lalurar ta sama da girma, makarantar da ta rage ita ce wayar da ke aljihu.

Wayar kuwa tana ƙoƙari. Ɗan ƙanwata ya kunna mini TalkBack, manhajar da ke karanta duk rubutun da yatsa ya taɓa. A kwamfuta akwai irinta, NVDA, kuma kyauta ce. Da wannan ƙarfin gwiwa na biya kuɗin wani kwas na lissafin ƙananan 'yan kasuwa da ake yi ta WhatsApp, don in riƙa kula da cinikin hatsin maiɗakina. Makon farko ya tafi daidai. A mako na biyu malamin ya fara ɗaukar takardun darasi a hoto yana turowa. Mai ido yana ganin rubutu, ni kuwa kalma ɗaya wayata take faɗa: hoto. Dole 'yata ta gama aikin makarantarta da dare, sannan ta zauna karanta mini, wani lokaci barci ya kwashe ta a tsakiyar jadawali. Ranar jarrabawa, shafin ya nemi in zaɓi hotunan da ke da fitilar titi, don in tabbatar ni mutum ne.

Maƙwabciyarmu tela ce, kurma, ta yi karatu a Savelugu. Ita matsalarta kishiyar tawa ce. Darussan ɗinki sun cika YouTube, amma yawancinsu surutu ne babu rubutu a ƙasa, saƙon murya kuwa bai amfane ta da komai ba. Da muka kwatanta, ni da ita, ta hanyar saƙonnin waya, sai muka ga maganinmu ɗaya ne: rubutun da aka buga da madannai. Ni wayata ta karanta mini shi, ita ta gani da idonta.

Dokoki ba su yi ƙaranci ba. Dokar Naƙasassu ta 2006, mai lamba 715, ta ba masu gine-ginen jama'a shekara 10 su gyara su. Ghana ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2012, da ta Marrakesh mai sauƙaƙa wa makafi samun littattafai a 2018. Amma matakalar bene kowa yana ganinta. Shingen da ke cikin intanet, sai wanda ya yi karo da shi. Ƙidayar 2021 ta nuna kusan kashi 8 cikin 100 na 'yan ƙasar, sama da mutum miliyan 2, suna fama da wata lalura a gani, ji, tafiya ko makamantansu.

Roƙona ga malamai ba mai tsada ba ne. Ku buga darasi, kada ku ɗauke shi a hoto. In hoton ya zama dole, ku bayyana abin da ke ciki da jimla ɗaya. Ku sa rubutu a ƙasan bidiyo, ku ƙara wa mai lalube lokacin jarrabawa. Majalisar Sagnarigu kuma, daga kason da ake ware wa naƙasassu, ta tuna cewa koya wa babba amfani da waya da saya masa data jari ne, kamar keken ɗinki. Na riga na san lissafi. Abin da nake nema shi ne a turo mini shi yadda zan ji.