Dalar Inna

Duk ƙarshen wata, idan kuɗin tallafin karatu suka shigo, nakan aika wa Inna ɗan abin cefane a Maraɗi. Ba ruwanta da yuro, da dala take lissafi. Yuro ɗaya sefa 655 ne da 'yan kai, dala kuwa sefa 5, ke nan yuro ɗaya ya kama dala 131. Shekarata uku a Liyon, amma har yau in na ga farashin burodi sai na mayar da shi dala, sai gabana ya faɗi.

Akwai wani ɗan Kano da muke karatu tare, kullum sai ya tsokane ni cewa Hausarmu ta Nijar rabinta Faransanci ne. Ni kuma in ce tasu rabinta Ingilishi. Ina dariya, amma abin yana ci mini rai, don tun ina lakwal nake jin kamar harshenmu mabaraci ne. Dala kaɗai muka yarda tamu ce gangariya. Shi har da kafa hujja da Dutsen Dala, wanda suna ne kawai ya zo ɗaya.

Wata Asabar, a bakin kogin Saône inda masu tsofaffin littattafai ke baje kaya, na sayi wani ƙamus na asalin kalmomin Faransanci. Na fara da bouquin, yadda suke kiran littafi a hira. Ashe daga tsohon Holanci take, ma'anarta ɗan ƙaramin littafi. Mannequin ma haka, ɗan ƙaramin mutum. Boulevard, wadda Faransawa ke taƙama da ita, daga bolwerc ta fito, wato ganuwa.

Daga nan na bi sawun dollar. Wajen 1520 aka fara buga wani kuɗin azurfa a Joachimsthal, cikin ƙasar Cek ta yau, aka taƙaita sunansa zuwa thaler. Mutanen Holan suka ce daalder, suka kai nasu mai hoton zaki har New Amsterdam, garin da ya koma New York a 1664. Daga bakinsu Amurkawa suka samu boss da cookie, asalinsu baas da koekje. Wani reshen kuma, azurfar Maria Theresa mai ɗauke da shekarar 1780, ya ratso Sahara zuwa Borno da ƙasar Hausa. Dalar Inna 'yar wannan zuriya ce.

Na zaci zan ji haushi. Abin da na ji ya fi kama da sauke kaya: masu duba mini kuskuren Faransanci da jan biro, su ma da kayan aro suke magana, sun dai daɗe da shi har sun manta mai shi.

Da hutu na je Paris, na bi Boulevard Barbès zuwa Château Rouge don in saya wa Inna atamfa 'yar Holan. Daga ƙofar shagon na kira ta.

"Inna, kin san dala ba Hausa ba ce?"

"To ta uban wa ce?" Ba ta jira amsa ba. "Nawa kika sayi zanen?"

Na yi lissafi a kaina, na rage rabi, sannan na faɗa mata. Duk da haka sai da ta yi salati.