Gurbin da Na Manta a Manhajata

A daminar 2022 wata ƙungiya ta ɗauke ni aikin wata uku a Kano. Sun samu tallafi daga waje don dashen itatuwa a makarantu da bakin kasuwanni a arewa maso yammacin Jigawa, masu ba da kuɗin kuma sun ce sai an yi manhajar da za ta riƙa nuna musu inda aka kwana. Na karɓi aikin hannu bibiyu, domin cikin wuraren da aka lissafa har da ƙauyenmu a ƙaramar hukumar 'Yankwashi.

Tsarin ba wuya. Matashi ya yi dashe, ya ɗauki hoto, wayarsa ta riƙe wurin da ranar, sai koren ɗigo ya fito a taswira. Gurabe huɗu na yi: irin itacen, wuri, rana, sunan mai dashe. Ranar da aka nuna aikin, tsakanin Kazaure da Babura ya yi kore shar a kan allo. Aka tafa, aka biya ni.

Da na je gida ƙaramar sallar 2023, bazara na tsakiyarta. Bayan la'asar na ja Baffana zuwa firamaren garinmu don in nuna masa aikina. Waya ta ce ɗigo sittin ne a filin. Muka zagaya, muka ƙirga bakwai masu rai, su ma waɗanda ke kusa da ɗakin mai gadi ne, yana zuba musu ragowar ruwan alwala. Sauran awaki sun yi kiwo da su, wasu ko ramin ba a ganewa. Baffa ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya ce, "To ɗan nan, a cikin na'urar taka ina aka rubuta wanda zai ba su ruwa?"

Na ce, "Babu, Baffa."

Abin da ban faɗa masa ba shi ne na ga kasafin aikin da idona. Akwai kuɗin irin dashe, da na mota, da riguna da huluna, da taron bita a otal, da ladana. Tallafin ya ƙare a watan Oktoba, daidai lokacin da ruwan sama ke ɗaukewa, wato ranar da aikin gaskiya ke farawa. Samarin da suka yi dashen an sallame su da kuɗin yini guda. Na yi lissafi a zuci: abin da aka ba ni ya isa a kewaye filin nan da waya, a kuma biya mai kura ya riƙa kawo ruwa har faɗuwar damina.

Matsalar ta fi ƙarfin ƙauyenmu. A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin ganuwar itatuwa daga Senegal zuwa Jibuti, tsawon kusan kilomita 8,000, da burin farfaɗo da hekta miliyan 100 kafin 2030. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna hekta miliyan 4 aka cim ma a yankin da aka shata. A Janairun 2021 aka yi alkawarin sama da dala biliyan 14 a taron Paris. A nan gida akwai hukumar tarayya ta wannan shiri tun 2015, Jigawa na cikin jihohinta 11, ga kuma ACReSAL da Bankin Duniya ya amince wa dala miliyan 700 a ƙarshen 2021. Kuɗi dai ana ambatonsu. Amma a sana'ata na san abu ɗaya: abin da ka yi wa gurbi a rumbun bayanai shi ake ƙirgawa, abin da ake ƙirgawa kuma shi ake biya. Dashe yana da hoto da rana. Ban ruwa a watan Maris ba ya ɗaukar ido, ba a kiran baƙi su zo su gani.

Ku duba maƙwabtanmu na Maraɗi. A farkon shekarun 1980 wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya gaji da dashen da ke mutuwa, sai ya lura kututturan da ke gonaki suna da rai, tohonsu kawai ake sarewa duk shekara. Manoma suka fara barin toho ɗaya ko biyu suna yi musu aski. Yau ana ƙiyasta itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Itacen na mai gona ne, shi zai ci moriyarsa, don haka ba ya jiran kowa ya ce ya tsare shi. Baffa bai taɓa jin sunan baturen nan ba, amma gawo tara ne a gonarsa, kuma ya san dalili: da damina yana zubar da ganye ya bar wa gero rana, da rani 'ya'yansa su riƙe masa tumaki. Kalgo da sabara ma ba ya yi musu kisan mummuƙe wajen sharar gona.

Bara ni da ƙungiyar samarin garinmu muka cike takardar neman wani ƙaramin tallafi. Tambaya ta farko ita ce itatuwa nawa za mu dasa. Na rubuta sifili. Muka nemi waya ta shinge, da kura mai jarka goma, da ɗan alawus na samari biyu daga Nuwamba zuwa Yuni har shekara uku, da kuɗin fita da 'yan firamare daji sau ɗaya a wata su koyi bambance aduwa da magarya. Shafin ya ƙi karɓar sifili, sai da na sa ɗaya. Har yau shiru.

Manhajar kuwa na ƙara mata gurbi na biyar, "yana raye?", ko da yake ba wanda ya sa ni. Ɗan yayata ke turo min hoto duk Juma'a, ni kuma ina tura wa mai gadin kuɗin ruwa. Bakwai ɗin nan sun koma shida. Darbejiya biyu a cikinsu sun wuce inda akuya ke kai baki.