Daga Kwale-kwale Zuwa Bayan Mota: Shekarata Ta Farko A Agadas

Kwanan baya wani yaro ya nuna mini hoton wasu Turawa a Facebook, mata da miji, sun sayar da jirgin ruwan da suke zaune a ciki sun sayi mota mai gado da madafa, wai za su zaga duniya. Na yi dariya har da ƙwalla. Na ce masa ai ni ma na yi irin wannan ƙaurar, bambancinmu kawai su marmari ya kai su, ni kuwa dole ce.

Ni Basarke ne, kakannina daga Kabi suka fito. Shekara goma sha ɗaya na yi a Tafkin Cadi, ɓangaren Nijar, kuma rabin kowace shekara a cikin jirgi nake kwana. Gidan sauro a gaba, murhun gawayi a tsakiya, kalli da mamari a baya. Mu kama tarwaɗa da karfasa, mu yi banda, 'yan kasuwa su kwasa zuwa Nijeriya. A ƙarshen Afrilun 2015 'yan Boko Haram suka afka wa tsibirin Karamga, aka kashe sojoji da fararen hula da dama. Bayan 'yan kwanaki hukuma ta ce kowa ya fice daga tsibiran. Dubban mutane muka tako da ƙafa zuwa Gigimi cikin zafin bazara. Jirgina na bar shi ɗaure a bakin ruwa. Injin kawai na tsira da shi, don tun kafin nan na kai shi gyara gari.

Injin nan na sayar, na bar wa maiɗakina da yara biyu rabin kuɗin a wurin yayanta a Diffa, na hau mota. Damagaram, Tanut, Adarbisanat, sai ga hasumiyar masallacin Agadas tana leƙo mu daga nesa. Lokacin zinariyar Jado ce ke tashe, tun da aka gano ta a 2014, kowa maganarta yake yi. Ban iya haƙa ba, amma na iya inji. A wani gareji na haɗu da wani dattijo Buzu mai tsohuwar Land Cruiser, yana jigilar ruwa da shinkafa da mai zuwa wurin masu haƙa. Ya ga na kwance masa famfon mai na mayar, ya ce, "Yaro, kana da wurin kwana?" Na ce, "Babu, Baba." Ya nuna bayan motar ya ce, "To ga ɗakinka."

Haka kuwa aka yi. Tabarma da bargo, tukunya ɗaya, butar shayi, jarkoki naɗe da buhu don ruwa ya yi sanyi, da tamfol da muke ɗaurawa a jikin motar idan rana ta take. Ko mun dawo gari a cikinta nake kwana, ina gadi ina kuma tara kuɗin haya.

Tafiyar farko cikin azumi ta faɗo, a watan Yuni. Ran Litinin muka bi ayarin da sojoji ke rakawa zuwa Dirku, tafiyar fiye da kilomita 600. Muka wuce Turayat, muka shiga Tenere. A nan na fara ganin abin da ban taɓa zato ba: rairayi ma yana da igiya kamar ruwa, kuma ana karanta shi. Baba yakan dubi launinsa ya san inda zai ɗauki mota da inda zai haɗiye ta, kamar yadda nake duban fuskar tafki na san inda ciyawa za ta naɗe farfela. Da dare kuma taurarin da nake bi in koma tsibiri su ne dai shi ma yake bi. Abu ɗaya ne ya juye. A jirgi, duk wahalarka ita ce hana ruwa shigowa. A nan, duk wahalarka ita ce hana shi ƙarewa.

Wannan darasin da tsada na saye shi. Ni da na saba wanke kwano da guga guda, wata rana na ɗebi ruwa na wanke ƙafa ba tare da tunani ba. Baba bai ce uffan ba. Tafiya ta uku, tsakanin rijiyar Ashegur da Dirku, mun rabu da ayari sai lagireto ya fashe. Kwana biyu muka yi a ƙarƙashin tamfol, mu huɗu, kowa kofi uku a yini, da taimama muke salla. Na toshe ɓular da sabulu da yankin roba irin yadda nake toshe jirgi, amma sai da muka zuba wa motar rabin ruwan shanmu. Da za mu zuba, Baba ya dube ni ya ce, "Basarke, ka tuna ruwan ƙafarka?" Har yau ban manta ba. Wayar Thuraya ta wata mota da ta riske mu ce ta sa aka san muna raye.

Ba duka wahala ba ce. A Satumba na ga taron Fulani da Buzaye a Ingal. A Oktoba na ga Biyanu, gari duka ya fito da ganguna da rawuna. Da hunturu muka ci karo da ayarin raƙuma na dawowa daga Bilma da kantu da dabino, a hanyar da kakanninsu suka bi shekaru aru-aru. Mun hau duwatsun Abzin mun ɗauko albasa a Tabelot da lemo a Timiya. Na koyi gasa tagulla cikin rairayi da toka, na kuma gane cewa sanyin Sahara a Janairu ya fi na kan ruwa cizo.

Da Mayun 2016 ya zagayo na kama ɗaki biyu, na aika aka kawo iyalina. Daren farko na kasa barci, ɗakin ba ya motsi kuma ba sama. Sai da na fita tsakar gida da tabarmata.

Abin da nake so mai karatu ya ɗauka shi ne wannan. Idan ka ga yaron mota kwance a ƙarƙashin mota a tasha, kada ka ce ɗan iska ne ko ɗan ci-rani mara asali. Tambaye shi inda ya baro. Da yawanmu muna da sana'a da gida, rikici ne ya raba mu da su. Wasu abokaina sun koma tafki, suna kira na in zo. Ɗana na fari kuwa bai san kalli ba, sunayen tayoyi ya sani. Ran da ya tambaye ni ko Tafkin Cadi ya fi korama Telwa girma idan ta kawo ruwa da damina, sai na rasa ta inda zan fara ba shi amsa. Na dai yi masa alkawarin in Allah ya kawo zaman lafiya zan kai shi ya gani da idonsa.