Wata Uku Da Rabi

Ku yi min afuwa, wannan makon babu ci gaban labari, wata magana ce ta tsaya min a rai.

A 2009 idanun Yayata suka koma ruwan ɗorawa, ga ƙaiƙayin jiki, fitsari kamar shayi. Kowa ya ce shawara ce. Wata biyu muna ɗura mata jiƙon rawaya, ni da kaina nake sayo saiwar a Kasuwar Kurmi. Da muka kai ta asibiti aka yi hoto, likita ya ce ciwon daji ne ya toshe hanyar da ruwan matsarmama ke bi daga hanta zuwa hanji, kuma ya wuce a yi aiki. Haka ciwon yake, ba ya nuna kansa sai ya yi nisa.

Kwanan nan ɗana ya karanto min wani binciken likitocin Ingila na 2010, kan mutum 410 masu irin ciwonta. Waɗanda aka ba maganin gemcitabine kaɗai, rabinsu ne suka wuce wata 8. Waɗanda aka haɗa musu da cisplatin, rabinsu sun kusa kaiwa wata 12.

Ya ce, "Umma, duk wahalar nan a kan wata uku da rabi?"

Na yi shiru. Ajali na Allah ne, na sani. Amma Yaya ta rasu saura sati shida bikin 'yarta ta fari, kwanukan da ta yi shekaru tana tarawa suna ƙarƙashin gadonta. Ni na je na yi jeren.