Ƙullutun da Yaya ta ɓoye

Wata bakwai Yaya ta yi tana ɓoye ƙullutun da ya fito mata a maman hagu. Ranar da ta kira ni ɗaka ta ɗora hannuna a wurin, na ji shi da tauri kamar ƙwallon goruba. Na ce, "Yaya, tun yaushe?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Tun damina. Kin san abin da za a ce."

Na sani kuwa. Shekaru huɗu kafin nan ta yi ɓari sau biyu a jere, na biyun har sai da aka yi mata wankin ciki a asibiti. Tun lokacin ake raɗa a unguwarmu a Maraɗi wai da gangan ta zubar. Sai ga wata murya tana yawo a WhatsApp, wai duk macen da ta zubar da ciki sankarar mama na jiran ta. A ganin Yaya, zuwa wurin likita tamkar amsa laifin da ba ta yi ba ne.

A daren da muka kwana Yamai muna jiran sakamako, barci ya ƙi zuwa, na shiga neman tushen maganar. Ashe ta taɓa samun gindin zama a Amurka. Wasu binciken farko sun dogara ne da tambayar mata tarihinsu, kuma macen da ciwo ya kama takan faɗi komai don neman dalili, mai lafiya kuwa ta riƙe sirrinta. Nan lissafin ya karkace. Da aka koma ga rajistar asibiti, sai zancen ya rushe. A 1997 an bi bayanan mata miliyan ɗaya da rabi a Denmark, ba a ga ƙarin haɗari ba. A 2004 masana a Oxford suka haɗa bincike 53 daga ƙasashe 16, wanda ya ƙunshi mata 83,000 masu ciwon, suka ce zubar da ciki ko ɓari ba ya ƙara haɗarin sankarar mama.

Hukuncin zubar da ciki a addini magana ce ta malamai, kuma ba ta buƙatar a yi mata jigo da ƙarya. Abin da na gani da idona shi ne ƙaryar ta cinye wa Yaya wata bakwai, a ciwon da saurin ganowa ke raba rai da ajali.

An cire mata maman. Tana shan magani, gashinta ya zube, amma tana nan, har tana yi mini faɗa idan na cika gishiri a miya. Jiya wata maƙwabciya ta zo dubiya, ta daɗe tana kame-kame, sannan ta matso ta ce a hankali, "Ni ma ina jin wani abu a nan." Yaya ta jawo mayafinta ta miƙa mata, ta ce, "Tashi, ƙanwata za ta raka ki yanzu."